Me ya sa rigimar bauta a Amurka ta tare a filayen yamma?

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai game da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, ina roƙon masana su warware mini. Kowa ya ji cewa bauta ce silarsa. Amma da na bi rigingimun da aka sha kafin yaƙin, sai na ga yawancinsu ba a kan Bajiniya ko Jojiya ko Misisipi aka yi su ba, inda bayin suke jibge. A kan filayen yamma aka yi su, wuraren da ko jiha ba su zama ba. Kansas da aka zubar da jini dominta, ƙidayar 1860 bayi 2 kacal ta samu a cikinta, alhali ƙasar gaba ɗaya tana da bayi kusan miliyan 4. Shi kansa Abraham Lincoln, ranar da aka rantsar da shi shugaban ƙasa, cewa ya yi ba shi da niyyar taɓa bauta a jihohin da take. To me Kudu ta tsorata har ta ɓalle? Me kuma Arewa ta gani a waɗannan filaye da ta ƙi saki?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da lissafin majalisa, shi zai buɗe maka sauran. A Majalisar Dattawan Amurka kowace jiha kujeru biyu gare ta, komai girmanta, komai ƙanƙantarta. A Majalisar Wakilai kuwa yawan jama'a ake bi, kuma tun da wuri Arewa ta yi wa Kudu fintinkau a can, duk da cewa tsarin mulki ya yarda a ƙirga wa Kudu uku cikin biyar na bayinta wajen rabon kujeru. Saboda haka Majalisar Dattawa ce katangar masu bayi. Duk yankin da zai zama jiha, tambayar farko ita ce: sanatocinsa biyu wane ɓangare za su zauna?

A 1803 Amurka ta sayi yankin Luwiziyana daga hannun Faransa a kan dala miliyan 15, ƙasar ta ninka girmanta. A ƙarshen 1819 jihohi 22 ne, 11 masu bauta, 11 marasa ita. Misuri ta nemi shiga da bayinta, majalisa ta kama da wuta. Sulhun da aka yi a 1820 shi ne Misuri ta shiga da bauta, Maine ta shiga babu bauta, sannan aka ja layi a kan taswira daidai digiri 36 da minti 30, aka ce sauran filin Luwiziyana da ke arewa da layin an haramta bauta a cikinsa. Thomas Jefferson, yana tsoho a lokacin, ya rubuta cewa wannan rigima ta firgita shi kamar ƙararrawar gobara da tsakar dare.

Layin ya riƙe har aka ƙaro ƙasa. Teksas ta shigo a 1845, aka yi yaƙi da Meziko daga 1846 zuwa 1848, Amurka ta karɓe filin da ya haɗa da Kalifoniya da Yuta da Sabuwar Meziko. Layin 1820 bai shafi wannan sabon fili ba, kuma Meziko ta riga ta soke bauta tun 1829. Sai aka koma gidan jiya. Daga shigar Kalifoniya a 1850 Kudu ba ta sake samun daidaito ba. A 1860 jihohi 18 ne marasa bauta, 15 masu ita. Gyara tsarin mulki na buƙatar uku cikin huɗu na jihohi. Masu bayi sun iya lissafi: idan duk yamma ta zama babu bauta, ranar da za a soke ta da ƙuri'a tana tafe, ko da jikokinsu ne za su gan ta.

Ɗan Funtuwa:
Na gode Malam. Ni abin da na fi ganewa shi ne ɓangaren auduga, tunda a cikinta na tashi. Kakata da dutse da ɗan ƙarfe take gurza, ta wuni tana murzawa angurya na fita ɗaya-ɗaya, abin da za ta tara kafin magariba bai cika ƙwarya ba. Injin gurza da Eli Whitney ya yi a 1793 shi ya kawar da wannan wahala, amma shuka da noma da tsinka suka rage a hannun mutum. Injin da ya sauƙaƙa gurza shi ya ƙara yunwar hannayen da za su tsinko. Kuma duk manomi ya san auduga na cinye ƙarfin gona idan ana maimaita ta ba hutu ba taki.

Maman Hafsat:
Ku yi haƙuri in shigo, domin kuna ta maganar kujeru da gonaki. Malam, a ƙara da wannan. Tun 1808 aka hana shigo da bayi daga Afirka. To sabbin gonakin Alabama da Misisipi da Luwiziyana da Teksas, daga ina suka samu masu aiki? Daga Bajiniya da Meriland da Kentaki aka riƙa kwaso su. Masana tarihi sun ƙiyasta kusan mutum miliyan 1 aka kwashe daga tsofaffin jihohi zuwa sababbi tsakanin 1790 da 1860, mafi yawansu ta hanyar sayarwa. Ana ɗaure maza da sarƙa biyu-biyu, a kora su a ƙasa tafiyar makonni, ko a zuba su a jirgin ruwa zuwa kasuwar New Orleans. Miji a Bajiniya, mata a Misisipi, ɗa a Teksas, kuma babu mai sake jin labarin wani har abada.

Wannan shi ne ma'anar faɗaɗa bauta zuwa yamma a wurin uwa baiwa. Duk sabon fili da aka buɗe, farashin ɗanta ya tashi, ranar rabuwarsu ta matso. Gab da yaƙi ƙaƙƙarfan saurayi ya haura dala 1,000 a kasuwa. Mai bayi a Bajiniya, ko da gonarsa ta mutu, yana da riba matuƙar akwai mai saye a yamma. A rufe yamma kuwa, dukiyar tasa ta faɗi. Shi ya sa har wanda bai taɓa niyyar ƙaura zuwa Kansas ba ya ɗauki maganar Kansas da zafi.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ni ina da ja, kuma da gaske nake. Wanda ya ci yaƙi shi ke rubuta tarihi. Arewa na da masana'antu, tana son harajin kaya mai tsada domin ta kare kasuwarta, Kudu kuma auduga take sayarwa Ingila, tana son ciniki a buɗe. Auduga ita ce fiye da rabin abin da Amurka ke fitarwa waje, amma bankuna da jiragen ruwa na hannun 'yan New York. Ga kuma batun 'yancin jihohi, kowace ta tafiyar da al'amuranta ba tare da gwamnatin tarayya ta sa mata hannu ba. Ina ganin waɗannan su ne ainihin ciwon, bauta kuma rigar da aka sanya wa yaƙin daga baya.

Lauyan Unguwa:
Ɗan'uwa Ɗan Damagaram, mu ɗauki hujjojinka bi da bi. Haraji ya taɓa haddasa rigima, a 1832, lokacin da Karolina ta Kudu ta ce ba za ta bi dokar harajin tarayya ba. Ko jiha ɗaya ba ta bi bayanta ba. Harajin da ke aiki lokacin zaɓen 1860 kuwa na 1857 ne, mai sauƙi ƙwarai, kuma da ƙuri'un 'yan Kudu aka yi shi. Mai tsadar bai wuce Majalisar Dattawa ba sai a 1861, bayan sanatocin jihohin da suka ɓalle sun tattara sun tafi.

'Yancin jihohi kuma, duba Dokar Kamo Bayin da Suka Gudu ta 1850, wadda Kudu ta nace sai an yi kafin ta haƙura da Kalifoniya. A ƙarƙashinta, in wani ya nuna baƙin mutum a Boston ya ce bawansa ne, gaban jami'in tarayya za a kai shi. Babu masu taya alƙali yanke hukunci, kuma wanda ake tuhuma ba shi da izinin ba da shaida domin kare kansa. Jami'in yana karɓar dala 10 idan ya miƙa mutumin, dala 5 idan ya sake shi. Wanda ya ɓoye mai gudu ko ya taimake shi, tarar dala 1,000 da ɗaurin wata 6 na jiransa. Jihohin Arewa suka yi nasu dokokin domin kare mazauna cikinsu, Kudu ta ce ba su isa ba, dokar tarayya ce a sama. Wa ke neman 'yancin jiha a nan?

A 1854 aka kama Anthony Burns a Boston. Ranar da za a mayar da shi Bajiniya sai da aka jera sojoji a titi tun daga kotu har bakin teku, dubban mutane na tsaye suna ihu, an rataya baƙaƙen ƙyallaye a jikin gine-gine kamar ana makoki. Mutum ɗaya, a tsakiyar bindigogi, ana kai shi jirgi. 'Yan kasuwar Boston da yawa da ba ruwansu da maganar bayi, ranar suka sauya.

Kuma ba sai mun yi hasashe ba, waɗanda suka ɓalle sun rubuta dalilansu da hannunsu. Takardar Misisipi ta buɗe da cewa matsayinsu a haɗe yake ɗungurungum da tsarin bauta. Ta Karolina ta Kudu ƙorafinta shi ne jihohin Arewa sun ƙi mayar da bayin da suka gudu. Alexander Stephens, mataimakin shugaban sabuwar ƙasar tasu, ya faɗa a bainar jama'a a Maris 1861 cewa tubalin ginin gwamnatinsu shi ne baƙi ba daidai yake da fari ba. Wannan rubutun waɗanda aka ci da yaƙi ne, tun kafin yaƙin ya ɓarke.

Maman Hafsat:
Lauya ka tuna mini da Margaret Garner. A Janairun 1856 ita da mijinta da 'ya'yansu suka tsallake kogin Ohayo a kan ƙanƙara daga Kentaki. Da masu kamu suka kewaye gidan da suka ɓuya, ta ɗauki wuƙa ta yanka 'yarta ƙarama don kada a mayar da ita bauta. Jihar Ohayo ta so ta gurfanar da ita da laifin kisa, wanda hakan na nufin an ɗauke ta a matsayin mutum. Dokar tarayya ta rinjaya, aka miƙa ta ga mai ita a matsayin dukiya. Duk lokacin da na karanta wannan sai na kasa ci gaba.

Ɗan Damagaram:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, wannan ya girgiza ni. Lauya, na ji maganar takardun. Amma ga inda ba zan matsa ba: kada a mayar mana da 'yan Arewa waliyyai. David Wilmot, ɗan majalisar da ya kawo ƙudurin hana bauta a filayen Meziko a 1846, da bakinsa ya ce ba tausayin bawa ya sa shi ba, farin ma'aikaci yake karewa, yana son a bar wa fararen fata fili mai tsabta. Indiyana ta rubuta a tsarin mulkinta na 1851 cewa baƙi kada ya shigo ya zauna. Ilinoi, jihar Lincoln, ta yi irin wannan doka a 1853. Oregon ta shiga tarayya babu bauta, amma kuma ta haramta wa baƙaƙe 'yantattu zama. Su kansu masu adawa da bauta a Kansas, da suka yi ƙuri'a a 1855, sun amince a hana baƙi 'yantacce shiga. Lincoln a muhawararsa da Sanata Stephen Douglas a 1858 ya ce ba ya goyon bayan baƙi ya yi zaɓe ko ya riƙe muƙami ko ya auri fara. To wannan faɗan fararen fata biyu ne a kan gona, baƙin mutum ba ya cikin lissafin kowa.

Kuma gonar ma ta waye? Kansas ɗin nan ita aka ba ƙabilun asali irin su Delaware da Shawnee bayan an kore su daga gabas, aka yi musu alkawarin tasu ce. Ba a yi shekara 30 ba aka dawo aka karɓe.

Malamin Tarihi:
Duk abin da ka lissafa haka yake, babu wanda zan goge. Batun ƙabilun asali ma ya cancanci zama na musamman a wannan zaure. Inda muka rabu shi ne ƙarshen da ka ɗora. Mafi yawan masu cewa a hana bauta shiga yamma ba don Allah suka yi ba. Ƙaramin manomi a Ohayo ya san idan mai bayi 100 ya sauka kusa da shi, ƙasa mai kyau ta tafi, ƙwadago ya zama abin raini, majalisar jiha ta koma aljihun attajiri. Kansa yake karewa. Amma masu bayi ba niyyarsa suka duba ba, sakamakon suka duba. Ko da wace zuciya aka rufe yamma, bauta ce za ta shaƙe.

Sannan ba gaskiya ba ne a ce baƙin mutum ba ya cikin lissafi, domin shi ya riƙa cusa kansa ciki da ƙarfi. Duk bawan da ya gudu ya tilasta wa wani gari a Arewa ya zaɓi ko ya miƙa shi ko ya kare shi. Harriet Tubman, wadda ita ma ta tsere daga bauta, ta riƙa komawa Meriland tana fito da bayi. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta a 1838, yana da jaridarsa, yana zagaya garuruwa yana magana, yana sukar Lincoln a inda ya gaza. Shi ma Lincoln, da duk gazawar da ka faɗa, tun jawabinsa na Peoria a 1854 yake cewa bauta zalunci ce babba, kuma bai taɓa janye wannan ba. Stephen Douglas kuwa cewa ya yi bai damu ba ko a zaɓe ta ko a ƙi ta. Tsakanin waɗannan mutum biyu akwai tazara ta gaske.

Baba Mai Ritaya:
'Ya'yana, ina biye da ku tun ɗazu. Ina so in sa baki da abu ɗaya, saboda laifi tudu ne. A shekarun da ake wannan rigima a Amurka, a nan ƙasar Hausa rumada cike suke da bayi suna noma wa sarakuna da attajirai, ana kai hari kudu ana kamo mutane, ana sayar da su a kasuwannin Kano da Damagaram, wasu a ƙetara Sahara da su. Turawa sun yi shela cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Nijar sai a 2003 ta sa hukuncinta a dokar laifuka. Har yau akwai gidajen da in an zo neman aure sai an bincika ko akwai bauta a asali. In muna jin zafin abin da aka yi wa Margaret Garner, mu ji zafin wanda aka yi a bayan gidanmu.

Ɗan Damagaram:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma ai tamu ba irin tasu ba ce. Akwai murgu, akwai fansa, ɗan ƙwarƙwara ɗa ne har ya gaji sarauta, bayin sarki kuma wasunsu sun fi 'ya'ya iko.

Baba Mai Ritaya:
Akwai bambanci ɗana, ban musa ba, musamman da yake su sun ɗaure abin da launin fata suka toshe kusan kowace ƙofar fita. Amma yarinyar da aka ɗauke daga ƙauyensu bayan an ƙone shi, ba ta ga wannan bambanci ba. Ku ci gaba, ina sauraro.

Ɗan Funtuwa:
Allah ya saka da alheri Baba. Malam, mu koma Kansas. Ai tana arewa da layin 1820. Ta yaya ta zama abin rigima?

Malamin Tarihi:
Stephen Douglas ne ya buɗe ƙofar. Sanata ne daga Ilinoi, yana son a tsara filayen yamma domin layin dogo ya tashi daga Chicago ya nufi tekun Fasifik. Ba zai samu ba sai da ƙuri'un Kudu, su kuma farashinsu shi ne a soke layin 1820. Dokar Kansas da Nebraska ta 1854 ta ce mazauna kowane yanki su zaɓa da kansu, bauta ko babu. A baki abin ya yi kama da adalci. A aikace ya zama tsere: duk wanda ya riga cika filin da mutanensa shi ya ci.

A zaɓen Maris 1855, waɗanda suka cancanci ƙuri'a ba su kai 3,000 ba, amma ƙuri'un da aka ƙirga sun haura 6,000. Mutanen Misuri ne suka tsallako iyaka da bindigogi, suka dangwala, suka koma gida. Majalisar da wannan maguɗi ya haifa ta yi dokar kisa ga mai taimakon bawa ya gudu, ta kuma mayar da musanta halaccin bauta laifin ɗauri. Masu adawa suka ƙi ta, suka kafa tasu gwamnati a Topeka, waccan kuma tana Lecompton. Yanki ɗaya, gwamnati biyu, kowa da makami. A 21 ga Mayu 1856 aka afka wa garin Lawrence, aka farfasa injinan jaridu, aka ƙone otal.

Washegari abin ya shiga cikin majalisa kanta. Sanata Charles Sumner ya yi jawabi mai zafi a kan Kansas, ya ci mutuncin wani sanatan Karolina ta Kudu. Ɗan'uwan wancan, Preston Brooks, ɗan Majalisar Wakilai, ya same shi zaune yana rubutu bayan an tashi, ya hau shi da sanda a ka. Teburin a kafe yake da ƙasa, ƙafafun Sumner suka maƙale a ƙarƙashi, sai da ya tumɓuke shi da ƙarfin tsiya, jini ya rufe masa ido, Brooks bai daina ba har sandar ta kakkarye. Sumner ya fi shekara 3 bai koma aiki sosai ba. Brooks tarar dala 300 aka ci shi, mazaɓarsa ta sake zaɓensa, mutane daga Kudu suka riƙa aiko masa da sabbin sanduna kyauta. Wannan kyautar ta fi dukan kansa yi wa Arewa ciwo. Jam'iyyar Republican, wadda aka kafa a 1854 saboda dokar Kansas, ta ci jihohi 11 a zaɓen shugaban ƙasa na 1856.

Maman Hafsat:
Kada a tsallake John Brown, wanda ya ɗauki makami ya yaƙi bauta. Ni a wurina shi kaɗai ne farin da ya ɗauki bawa a matsayin ɗan'uwansa na jini, har ya ba da ransa da na 'ya'yansa.

Lauyan Unguwa:
Hajiya, ikhlasinsa ba abin shakka ba ne. Amma a Pottawatomie, kwanaki kaɗan bayan harin Lawrence, shi da mutanensa cikin dare suka fito da mutum 5 daga gidajensu suka sassare su da takubba, ciki har da uba da 'ya'yansa biyu, matar gidan na roƙo. Ba a fagen fama ba ne, kuma babu shari'a. Ba zan iya wanke wannan ba.

Maman Hafsat:
Ban ce a wanke ba, Lauya. Amma shari'ar da kake nema masu, wace kotu ce ta ba mutum miliyan 4? Kullum sai an zo kan jinin mutum 5 ake tuna doka.

Lauyan Unguwa:
Wannan tambaya taki ita ce ta kai mu ga Dred Scott, kuma a nan ba ni da abin kare kotu. Scott bawan wani likitan soja ne da ya zauna da shi shekaru a Ilinoi da kuma yankin da layin 1820 ya haramta bauta. Ya kai ƙara yana neman 'yancinsa ta hanyar doka, shari'ar ta ɗauki shekara 11. A 6 ga Maris 1857 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 7 a gefe ɗaya, 2 a ɗaya gefen. Babban alƙali Roger Taney ya ce baƙin mutum, bawa ne ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi da ikon shigar da ƙara a kotun tarayya. Ya ƙara da cewa majalisa ba ta da ikon hana bauta a kowane yanki, domin bawa dukiya ne, kuma ba a raba mutum da dukiyarsa. Alƙali Benjamin Curtis ya ƙi yarda, ya nuna cewa lokacin da aka kafa tsarin mulkin baƙaƙe 'yantattu na da ƙuri'a a jihohi 5.

Ku duba abin da hukuncin ya yi. Ya ce manufar Republican ta hana bauta shiga yamma haramtacciya ce tun daga tushe. Ya kuma rushe ta Douglas, domin in majalisar ƙasa ba ta iya hanawa, ina ga mazauna yanki? Taney ya zaci ya kashe wutar. Abin da ɗan Arewa ya ji shi ne, saura hukunci ɗaya a ce mai bawa na iya zama da bayinsa a New York.

Malamin Tarihi:
Daga nan abin ya yi sauri. Shugaba James Buchanan ya so a shigar da Kansas da tsarin mulkin Lecompton mai bauta, Douglas ya ƙi saboda maguɗin ya yi yawa, mutanen Kansas kuma suka yi watsi da shi a 1858. Kudu ba ta yafe wa Douglas ba. Harin John Brown a rumbun makamai na Harpers Ferry a Oktoban 1859, da yadda aka kaɗa ƙararrawar coci-coci a Arewa ranar da aka rataye shi, ya sa 'yan Kudu suka ɗauka duk Arewa Brown ce. A 1860 jam'iyyar Democrat ta tsage biyu a taronta na Charleston, kuma a kan yamma ta tsage: 'yan Kudu sun ce sai gwamnatin tarayya ta kare bauta a kowane yanki ko mazauna ba sa so. Lincoln ya ci da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, ba tare da jihar Kudu ko ɗaya ba. A 20 ga Disamba 1860 Karolina ta Kudu ta fita.

Ɗan Damagaram:
To ga tambayata ta ƙarshe, Malam. Sanata John Crittenden ya kawo sulhu a wannan Disamba, a maido da layin 1820 a ja shi har bakin tekun Fasifik. Lincoln ya ƙi. Yaƙin ya ci rayuka sama da 600,000. Filin da ake magana a kai yawancinsa hamada ce da duwatsu, auduga ba za ta yi ba. Bai kamata ya karɓa ba?

Malamin Tarihi:
Karanta sharaɗin da kyau, ɗan'uwa. Layin bai tsaya a filin da ake da shi ba, ya haɗa da duk wanda za a samu nan gaba a kudu da shi, kuma an ce gyaran ba zai taɓa sauyuwa ba. Masu bayi sun daɗe da sa ido a Kuba. A 1854 jakadun Amurka uku suka rubuta cewa in Sifen ta ƙi sayar da ita a ƙwace. Wani Ba'amurke, William Walker, ya kama mulkin Nikaragua ya maido da bauta a 1856. Lincoln ya rubuta wa wani ɗan majalisa cewa in aka miƙa wuya yanzu, ba za a yi shekara ba sai an ce a ɗauko Kuba kafin su yarda su zauna. Ya yi sassauci a wasu wurare, har ya ce zai aiwatar da dokar kamo bayi, abin da Hajiya za ta ce ba shi da hakkin bayarwa, kuma da gaskiyarta. A kan faɗaɗawa kaɗai ya kafe. Ya rubuta wa Stephens a Disamban 1860 cewa: ku kuna ganin bauta daidai ce, ya kamata a faɗaɗa ta, mu muna ganin kuskure ce, ya kamata a taƙaita ta, nan ne saɓaninmu.

Maman Hafsat:
Ɗan Damagaram, ka ƙirga 600,000 da suka mutu, kuma kowane rai abin baƙin ciki ne. Ka ƙirga kuma waɗanda za a haifa cikin bauta da an sa hannu a takardar Crittenden. An yi sulhu a 1820, an yi a 1850, kuma a duka biyun ba a kira bawa ko ɗaya an tambaye shi ba. Tsakanin waɗannan shekaru yawan bayi ya tashi daga miliyan 1 da rabi zuwa sama da miliyan 3.

Ɗan Funtuwa:
Lauya, shi Dred Scott ɗin ya ƙare a bauta ke nan?

Lauyan Unguwa:
A'a. 'Ya'yan ubangidansa na farko, waɗanda suka taimaka masa da kuɗin shari'a, su suka karɓe shi suka 'yanta shi da matarsa Harriet da 'ya'yansu mata biyu a Mayun 1857. Ya yi aikin ɗaukar kaya a wani otal a St. Louis, tarin fuka ya kashe shi a Satumban 1858. Kansas kuma ta shiga tarayya babu bauta a Janairun 1861, bayan sanatocin Kudu da ke tare mata hanya sun fice daga majalisa.